Zoben Gordo da Takalmin Dariela

SHAFI NA 19

Ku da kuka hana wayata sakat, ga shi nan, ku sarara mini. Wata har cewa ta yi idan ban saki shafin nan ba za ta biyo ni Monterrey. Ki zo mana, akwai wanke-wanken biki yana jiran ki.

Wanda ya tsince mu a tsakiya: ni ce Nereida. Mijina Eleazar, amma ko uwar da ta haife shi Gordo take ce masa, wato mai teɓa, kuma sunan ya ƙi fita ko da teɓar ta fita. Gobe Asabar bikin cika shekara goma sha biyar na autarmu Dariela. Mun tsaya a inda na kama shi a bayan shagonsa na waldar murhun gashi, yana tofi cikin gwangwani.

*

"Gordo, mene ne a gwangwanin nan?"

"Lemo."

"Lemon wane kamfani ke yauƙi haka? Miƙo."

Ya kai shi bayansa kamar yaron da ya tsamo nama a tukunya.

Sai a lokacin na dube shi da kyau. Kwana da kwanaki ina tseren kujeru da riga da masu kiɗa, ban tsaya na kalli fuskar mijina ba. Leɓensa ya tsattsage. Idonsa ya faɗa. Fatarsa ta yi toka-toka.

"Yaushe rabon da ruwa ya wuce maka?"

"Ɗazu."

"Wace ɗazun?"

"Tsohuwa, don Allah ki bar ni, ina da aiki. 'Yan awakin gashin ma ba a ɗauko ba."

Na zaro gorar ruwa daga jakata na ɗora masa a kan tebur.

"Sha a gabana."

"Ba na jin ƙishi."

"Eleazar."

Ya san idan na kira wannan sunan wasa ya ƙare. Ya ɗauka, ya kurɓa kaɗan, ya haɗiye yana kallon rufi. Na ga ruwan ya tsaya masa a ƙirji. Ya buga ƙirjin da hannu, ya buga, ya miƙe tsaye, ya yi taku biyu.

Ruwan ya dawo. Duka.

Nan take hankalina ya tafi kan zoben da ke cikinsa.

Na san zoben nan kamar ni aka sa wa. Zobe ne na roba da aka ɗaura masa a wuyan tumbi don rage ƙiba, cikinsa kamar tiyub ɗin keke. Wani siririn tiyo ya taho daga jikinsa zuwa wani ɗan maɓalli da ke ƙarƙashin fata, gefen haƙarƙarin hagu. Likita na soka allura a maɓallin ta tura ruwan gishiri, zoben ya kumbura ya matse hanya, abinci ya riƙa wucewa a hankali, loma kaɗan mutum ya ƙoshi. Idan ya yi tsauri ta zuƙe kaɗan. Mu matsi muke ce masa. Kuma kaɗan-kaɗan ake yi, da makonni a tsakani, ba ka barin ofis sai ka sha ruwa a gabanta ta ga ya wuce, ka koma gida ka yi kwana biyu a kan romo da kunu.

Duk matsin da aka yi masa ina zaune a kujerar gefe da jakata a cinya. Zuwan ƙarshe ma Dakta Elizondo ƙin ƙarawa ta yi. Ta ce ya kai inda ake so, ya bar jiki ya yi aikinsa.

To me ya toshe shi?

"Ba ni makullin mota."

"Ina za mu?"

"Wurin Dakta."

"Yau? Kin haukace? Gobe biki!"

"Ko ka shiga da ƙafarka, ko na tsaya a bakin titin nan na kira dukan 'yan unguwa su ɗauke ka. Ka san zan iya."

Kalmar ɗauka ce ta yi aikin. Na gani a fuskarsa, kuma raina bai so ba, amma na riga na faɗa.

*

Ni na ja a-kori-kurar. Zafi kamar a cikin murhunsa, titi ya cushe, kowa na danna oda kamar shi kaɗai ke da uzuri. Gordo na gefena da gwangwaninsa a tsakanin cinyoyi, yana tofi yana kallon waje.

"Ki bi ta wajen mai kek, mu biya mu..."

"Rufe mini baki."

"Masu kiɗa sun ce a kira su kafin..."

"Gordo, wallahi ƙiris nake jira."

Ya koma ga gwangwaninsa. Ni kuwa tunanina ya koma baya.

Ku da kuka fara tun farko kun san labarin bikin babbar 'yarmu Mayela. Ga sababbi: a bikin sha biyar, yarinya na shiga da takalmi filat, a zaunar da ita kan kujera a tsakiyar fili, ubanta ya durƙusa a gabanta ya cire mata, ya sa mata mai tsini. Daga nan ta tashi budurwa, su yi rawar farko tare. Shi ke nan abin, amma duk uban da ke garin nan tun ranar da aka haifa masa mace yake jiran wannan durƙuson.

Gordo ya durƙusa wa Mayela. Ya sa ƙafa ɗaya. Numfashi ya ƙare masa, cikin ya hana shi kaiwa ga ta biyun, ya zo tashi ya kasa. Wandon ya yage tun daga baya har ƙasa. Maza uku suka kama shi suka ɗaga, ƙanensa ya ƙarasa sa takalmin. Mutane sun yi dariya, wasu sun toshe baki, wasu ba su ma toshe ba, wani ɗan banza kuma ya ɗauka a waya ya watsa.

Bai taɓa yi mini maganar ba. Ko sau ɗaya. Sai dai wata guda bayan nan ya ce in raka shi wurin likita.

"Tsohuwa," ya ce a hankali, muna tsaye a danja.

"Mene ne?"

"Kar ki gaya wa Dariela."

"In gaya mata me? Me ka yi?"

Ya mayar da kai ga taga.

*

Dakta Elizondo 'yar ƙaramar mace ce, gashinta duk furfura, ba ta ɗaga murya. Tana ganinsa ta tsallake da mu gaban duk masu jira.

"Don Eleazar, hau gado. Ɗaga riga." Don kalmar girmama namiji ce a wurinmu, Doña kuma ta mace.

Ta cusa masa matashi a ƙarƙashin baya.

"Ɗago kanka kamar za ka tashi, maɓallin ya fito."

Ya ɗago. Ta kai hannu, sai ta tsaya. Ta jawo fitila ta haska.

Na leƙa. Wurin maɓallin ya yi shuɗi da ruwan ɗorawa, ga ɗigo-ɗigon huji a zagaye da shi kamar an yi wasa da cokali mai yatsu.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Sauro ne, Dakta."

"Sauro."

"Akwai su da yawa a shago."

Ta goge wurin, ta ɗauko allurarta ta musamman, ta riƙe maɓallin da yatsu biyu ta soka. Ko ja ba ta yi ba. Ruwan da kansa ya turo hannun sirinjin baya, kamar yana neman hanyar gudu.

"Doña Nereida, matso ki gani. Ruwan da ni na zuba a zoben nan, duka-duka, a layi na biyar yake tsayawa."

Na matso. Ruwan ya kai layi na biyar.

Ya wuce.

Shida.

Bakwai.

Ina kallon sirinjin, ina kallon mijina, shi kuma ya rufe ido kamar mai barci.

Sai a takwas da ɗan wani abu ya tsaya.

Ta zare allurar, ta ɗaga sirinjin sama a gaban fuskarsa.

"Buɗe idonka, Don Eleazar. Zobe ba ya haihuwar ruwa. Wa ya ƙara?"

Ya kawar da kai gefe.

"Wani likitan ka je?"

"...Likita ne."

"Wane asibiti?"

"Ba... ba shi da asibiti sosai."

Tun kafin ya faɗa na riga na gano.

"Gordo. Kar ka ce mini Rosendo."

Ya ƙara runtse ido.

"Kompadre ya yi karatu fa, Tsohuwa. Yana da takarda a bango."

"Takardar DAWAKI!"

Rosendo uban baftismar Dariela ne, shi ya sa suke ce wa juna kompadre, ni kuma ya ce mini komadre, kuma aminin Gordo ne tun suna yara. Likitan dabbobi ne. Doki, saniya, akuya, har zakaran faɗa ana kai masa.

Dakta ta ajiye sirinjin a hankali, ta cire tabarau.

"Da wace allura?"

"Sabuwa ce, Dakta, a ledarta take, a gabana ya yage."

"Ban tambaye ka sabuwa ko tsohuwa ba. Ta mece ce?"

"Ta... ɗan maraƙi. Ƙarami ne sosai."

Wallahi da ba mijina ba ne da na yi dariya. Nas ɗin da ke tsaye ta juya ta fuskanci bango.

"Allura ta gama-gari tana yanke robar maɓallin," in ji Dakta. "Shi ya sa muke da tamu. Kuma ya lalube ka ya lalube ka kafin ya samu, ga shaida nan a fatarka. A ina aka yi?"

"A gonarsa. A bayan mota. Mun shimfiɗa bargo mai tsabta."

"Sau nawa?"

Ya ɗaga yatsu uku bai kalle ni ba.

Duk Lahadin da yake ce mini zai je taya kompadre gyaran shinge! Ni kuwa har burodi nake ba shi ya kai wa matar.

"Bayan ya ƙara maka na ƙarshe, me ka ci?"

"Ba komai."

"Don Eleazar."

"Dakta, kin san yadda abin yake. Ranar Lahadi ce. Mutum ya hura gawayi, ya ɗora nama, ya yanko maka na farko da hannunsa ya miƙo a kan tortiya, wainar masarar nan. A gonarsa. Ka ce masa me? Ka ce romo za ka sha?"

"I! Haka za ka ce!" na daka masa tsawa.

"Ke mace ce, ba za ki gane ba."

"Ni ce ba zan gane ba? Ni da na shekara ina niƙa maka kaza a injin markaɗe kamar jariri?"

"Ya isa," in ji Dakta. "Ka yi amai bayan naman?"

"Kaɗan."

"Kaɗan, ko har ka ji kamar cikinka zai fito?"

Ya shiga gyara rigarsa.

Ta tsiyaya ruwa a ɗan kofi ta miƙa masa.

"Yanzu zoben fanko ne, na zuƙe komai. Hanya a buɗe take. Sha, ya kamata ya wuce salin-alin."

Ya tashi zaune ya sha. Muka zuba masa ido mu uku.

Ya yi murmushi. "Kun gani? Ya wu..."

Ya wawuro gwangwanin.

A nan ne na ga fuskar Dakta Elizondo ta canja, kuma tunda na san matar nan ban taɓa ganin haka ba.

"Ku kai shi ɗakin hoto. Yanzu. A ɗaura masa ruwa a jijiya."

*

Suna shiga da shi na fita baranda na danna lambar Rosendo.

"Komadre! Ya shirye-shirye? Ga 'yar bikin nan a gidanmu ana yi mata farce, bari in sa ki a sifika ku gai..."

"Rosendo, mijina doki ne?"

Ya fara in-ina.

"Na ce doki ne? Ko ɗan maraƙi?"

"Komadre, tsaya ki ji, shi ya roƙe ni, har da hawaye, na ce masa..."

"Yana asibiti! Ko yawunsa ba ya wucewa! Idan wani abu ya same shi, na rantse da Budurwa Maryamu, da allurar shanunka zan bi ka har cikin coci!"

Sai na ji wata siririyar murya daga can baya.

"Mama? Wane asibiti?"

Wayyo Allah. Ya riga ya sa sifikar.

Na kashe wayar. Na zauna, na tashi, na je bakin taga, na dawo. Mai kek ta kira, na ƙi ɗauka. Masu kujeru suka kira, na ƙi ɗauka. Na ciji farcen da na biya aka gyara mini jiya har ya karye.

*

Dakta ta kira ni ciki. Gordo na zaune a kujera da rigar asibiti, ledar ruwa na rataye a sanda kusa da shi. Sun ba shi wani farin abu mai kauri ya kurɓa, suka ɗauki hoto yana sauka.

Ta nuna allon da bakin biro.

"Wannan zoben ne. A karkace ya kamata ya tsaya, haka. Kin ga yanzu ya kwanta. Wannan ƙullin da ya kumbura a samansa tumbi ne. Matsi ya yi yawa, amai ya yi ƙarfi, sai tumbin ya turo ta cikin zoben ya maƙale. Kin ga farin ruwan? Ya tsaya cak, ko ɗigo bai sauka ba."

"To a sassauta mana," in ji Gordo.

"Na riga na sassauta har ƙarshe. Ba abin da ya rage da allura za ta yi. Sai tiyata, mu cire zoben."

"A cire?" Ya dafe cikinsa da hannu biyu. "Dakta, idan kika cire ai komawa zan yi yadda nake a da."

"Wannan maganar wata rana ce, akwai wasu hanyoyin. Ta yau ita ce naman da ya maƙale ba ya samun jini sosai. Idan ya mutu, ba zobe za mu cire ba, tumbi za mu yanke. Idan ya fashe kuma..." Ta dube ni, ba ta ƙarasa ba.

"Yaushe?" na tambaya.

"Yau. Na riga na ce a shirya ɗaki."

"Litinin," in ji Gordo.

"Don Eleazar..."

"To Lahadi. Lahadi da sassafe, ni zan buɗe muku ƙofa. Ki ba ni allurar ƙarfi, ki ba ni ledar nan in tafi da ita, in ɓoye a cikin kwat. Kwana ɗaya tak nake roƙo."

"Ba ni ke bayar da kwanan ba."

Ya miƙe. Ya yi tangaɗi, ya kama sandar ruwan, ya ja ta ya nufi ƙofa, rigar asibitin a buɗe ta baya.

"Gordo, dawo nan!"

"Ina wandona?"

"Ba zan ba ka ba!"

"To haka zan tafi. Ai garin nan sun taɓa ganin bayana."

Wannan maganar ta soke ni har cikin rai. Shekaru yana riƙe da ita, sai yau ta fito, a barandar asibiti, ba wando.

Na bi shi ina jan rigarsa, yana jan sanda, masu jira a kan kujerun roba duk sun ɗago kai. Mun kusa ƙofar fita ke nan ta buɗe.

Dariela.

Gashinta cike da robobin naɗi, hannu ɗaya an shafa farce ɗaya ba a shafa ba, tana sanye da tsohuwar rigar makaranta da takalmin roba filat. Ta rungume farin kwali a ƙirji. Rosendo na bayanta, hularsa ta kaboyi a hannu, yana murza bakinta kamar zai yage ta.

"Kompadre..." ya fara.

"Kai, idan ka ƙara buɗe baki sai na cusa maka hular nan," na ce. Ya koma jikin bango.

Dariela ba ta kalle ni ba. Ubanta take kallo, tun daga leɓensa har ledar ruwan.

"Baba, ina za ka?"

"Gida, 'yata. Ba komai ba ne, mamanki ce da ɗaga hankali. Je ki ƙarasa farcenki."

Ta juya ga Dakta, wadda ta biyo mu.

"Dakta, zai iya kaiwa gobe?"

"Ban sani ba. Kuma ba na son in gwada."

Yarinyar nan ta gyaɗa kai kamar babbar mace. Ta waiga, ta jawo wata kujerar roba daga layin masu jira, ta kawo ta tsakiyar baranda ta zauna. Ta buɗe kwalin ta ajiye a ƙasa. Takalmin ne, fari mai tsini, wanda shi da kansa ya zaɓa mata.

Ta miƙo ƙafa.

"Canja mini."

"Me?"

"Canja mini a nan. Sai ka shiga."

Ya yi 'yar dariya marar ƙarfi. Ya dubi tsofaffin da ke jira, ya dubi mai goge ƙasa, ya dubi bangon.

"Haba 'yata. A nan? Wa zai gani?"

Na ga maganar ta sauka a fuskar Dariela. Ta cije leɓenta na ƙasa.

"Ni," ta ce. "Ni zan gani, Baba. Ko ban isa ba?"

"Ba haka nake nufi..."

"Haka kake nufi. Ashe ba don ni ba ne. Don Kawu ne da ya ƙarasa maka. Don waɗanda suka yi dariya ne. Don wanda ya ɗauka a waya."

"Dariela."

"Ina wurin, Baba! Ina ƙarƙashin tebur ina kallo! Ka san me Mayela ta gaya mini a daren? Ta ce ita ba ta ji dariyar kowa ba. Ta ce kuka ta yi don ka saki ƙafarta, wani ya kama. Ka taɓa tambayarta? Ba ka taɓa ba!"

Hawaye na zuba mata, ba ta share ba.

"Idan ka fita ƙofar nan, gobe ba zan zauna a kujerar ba. Na rantse. Ka zo da kwat ɗinka, ka durƙusa a tsakiyar fili, kowa ya ga ka iya, amma kujerar babu kowa a kai. Ni uba nake so, ba na son takalmi."

Gordo ya tsaya riƙe da sandar. Ƙirjinsa na hawa yana sauka. Ya kalle ni kamar zan cece shi, na kawar da kai, don ni ma kuka nake yi kuma ban so ya gani.

Ya miƙa mini sandar.

"Riƙe mini, Tsohuwa. Ki kama mini rigar ta baya."

Na kama da hannu ɗaya, na riƙe sandar da ɗaya.

Ya sauke gwiwar dama. Ya sauke ta hagu. Ba nishi, ba dafa komai. Mutumin da a da sai na ɗaura masa igiyar takalmi.

Ya cire mata na roba, ya ajiye a gefe a jere. Ya ɗauko fari na farko. Maɗaurin ya ƙi shiga, ya sake, ya shiga.

Ya ɗauko na biyu.

A nan ya tsaya wancan karon. Na sani, ya sani, Rosendo da ke cikin maza ukun da suka ɗaga shi ya sani, don na ji shi yana jan hanci a jikin bango.

Gordo ya sunkuya har ƙasa, ya riƙe dunduniyar 'yarsa a tafin hannunsa, ya zura takalmin, ya ɗaure. Ya daɗe bai saki ƙafar ba.

Wata tsohuwa a cikin masu jira ta fara tafi. Mai goge ƙasa ya jingina sandarsa ya taya ta.

Dariela ta miƙe a kan tsininta, tana tangal-tangal, da robobin gashinta, ta miƙo masa hannu biyu.

"Tashi, Baba."

"A'a. Kar wanda ya taɓa ni."

Rosendo ya yi taku ɗaya.

"Kompadre, na ce kar wanda ya taɓa ni."

Dakta ta yi wa nas alama da ido, na ji ƙarar tayoyin gado na tahowa daga ƙarshen baranda.

Ya kafa ƙafar dama. Ya ɗora hannu a gwiwa. Gumi ya keto masa a goshi. Ya yunƙura.

Ya tashi.

Shi kaɗai, tsaye cak, har ya fi Dariela tsawo duk da tsininta. Ya juyo gare ni da wani murmushi da rabona da shi tun muna saurayi da budurwa.

"Tsohuwa, kin gani?"

"Na gani, Gor..."

Bai ji ni ba. Idonsa ya juye, hannunsa ya kai ga ciki, wani abu ja ya ɗigo daga gefen bakinsa ya sauka a kan farin takalmin.

"GADO!" Dakta Elizondo ta ƙwala ihu, matar da ba ta ɗaga murya. "KU KAWO GADO!"